Noti ya cije ya karya min racet ɗin aro, wane kayan aiki zan saya da ba zai ba ni kunya ba?

SabonYaye_Bunkure
Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Dan Allah shawara nake nema. Wata huɗu kenan da ogana ya yaye ni na dawo ƙauyenmu na kafa 'yar rumfa a bakin titi, aiki Alhamdulillah yana shigowa musamman yanzu da ake ɗiban tumatir, kayan aiki ne dai matsalata. Shekaranjiya aka kawo min Canter mai kai kwanduna Kwanar Gafan za a canza sifirin na baya da ya karye, wlh tun hantsi nake fama da notin taya har azahar ko gezau, wil-sifanar motar ma ta lanƙwashe. Na ce bari in bar taya in fara da yu-bol, lanƙwasasshen bol ɗin nan da ke riƙe sifirin a jikin aksil, na ɗauko racet ɗin da na aro wajen oga na zura masa fayif na danna, sai ji na yi ƙas, haƙoran ciki sun zube. Yanzu ga motar mutane a ajiye, ga kayan aro na karya, ban ma san da wane ido zan kalli oga ba. Ina da 'yan kuɗi da na tara zan shiga Ƙofar Ruwa ranar Asabar, me ya kamata in fara saya wanda zai jure irin wannan aikin? Kar in je in kwaso tarkace.

TsohonHannu_Kura
Wa alaikumus salam. Kafin a yi maganar saye, wane gefe ne tayar, gefen direba ko gefen yaron mota?

SabonYaye_Bunkure
Gefen direba ne Baba

TsohonHannu_Kura
To ɗana ɗaure shi kake ta yi tun safe. Goge kan sitod ɗin, wato bol ɗin da notin ke hawa, da tsumma ka duba, in ka ga an buga L to na baibai ne, dama ake murɗa shi ya kwance. Yawancin Canter da Dyna da Isuzu tsofaffi haka tayoyinsu na hagu suke, na dama kuma za ka ga R. Ba duka ba dai, akwai na baya-bayan nan da duk gefen biyu iri ɗaya ne, shi ya sa na ce ka duba kar ka yi da ka. Kuma ta baya taya biyu ce, in ka cire notin waje akwai na ciki mai kai kusurwa huɗu, shi ma haka yake.

Dan_Gujungu
Hhhh wlh ba kai kaɗai ba ne, ni sai da na tsinke sitod biyu a Dyna kafin wani mai faci ya zo wucewa ya ce min yaro baibai ne. Har yau in na je kasuwar Lahadi ya gan ni sai ya yi dariya

Direban_Kanta
Amma tsakani da Allah yaya za a yaye mutum bai san wannan ba? Mu da motocin nan ne abincinmu shi ya sa gabanmu ke faɗuwa in mota ta lalace a ƙauye.

SabonYaye_Bunkure
@Direban_Kanta yallabai a garejin ƙananan motoci na koya a cikin gari, Golf da Sharan da Corolla muke yi, babbar mota ba ta shigowa wajenmu. Nan kuwa duk abin da ya tsaya a titi kai za a kawo wa, har injin ban ruwa. Na je na duba yanzu Baba, L ne ɓaro-ɓaro. Allah ya saka da alheri. Amma yu-bol ɗin fa shi ba na baibai ba ne, tsatsa ce ta haɗe shi da notin kamar an yi walda.

Oga_Injiniya_Wudil
Bari in amsa maka ainihin tambayarka. Racet ba don fasa noti aka yi shi ba, don sauri aka yi shi bayan noti ya riga ya motsa. Cikinsa 'yan haƙora ne da wani ɗan harshe da yake kama su, duk ƙarfin da ka sa a kan ɗan abin nan yake sauka, ko na wane kamfani ne in ka zura masa fayif ka hau watarana sai ya zube. Abin da za ka fara saya shi ne fawa-handul, wato doguwar sanda zalla mai kai yana lanƙwasawa babu haƙori a ciki. Ka sami ta rabin inci mai tsawo kamar santimita 60 don ƙananan motoci, sannan tunda ka ce manyan motoci na tsaya maka to dole ka nemi ta inci 3/4, ko ti-handul mai zamewa na 3/4 ɗin, da soket nata. Kar ka yarda da a ce maka ka sayi adafta ka riƙa ɗora babban soket a kan sandar rabin inci, ɗan murabba'in bakin ne zai murɗe ya tsinke. Na biyu soket mai kusurwa shida, ba mai sha biyu ba. Mai shida gefen noti yake runguma, mai sha biyu kuwa a kan tsinin kusurwa yake zama, noti mai tsatsa da ma kusurwarsa ta ci, ja ɗaya za ka yi ya sule ya koma kamar kwabo. Yu-bol kuma dogon soket yake so saboda tsinin bol ɗin da ya leƙo ƙasa, gajere ba zai zauna har gindi ba.

Fijo_Zalla
Oga na yarda da komai amma kar a sa yaro ya raina mai sha biyu. Notin shaf na Corolla da Camry da yawa 30 ne mai kusurwa sha biyu, mai shida ba zai ma shiga ba. Kuma a lungu inda sanda ba ta da wurin juyawa shi ne yake cetonka.

Oga_Injiniya_Wudil
Gaskiyarka, wannan ɗaya ne zai saya daban ya ajiye. Ni maganar noti mai tsatsa nake.

Auwalu_MaiBabur
Ni fa duk wannan dogon turanci ne, girif filaya da guduma sun ishe ni

TsohonHannu_Kura
@Auwalu_MaiBabur shi ya sa duk babur ɗin da ya fito daga hannun irinku ba a samun noti mai kusurwa a jikinsa. Filaya da ajasta sai noti ya riga ya lalace ake ɗauko su, ba su ake farawa da su ba.

Auwalu_MaiBabur
Tuba nake Baba hhh. Amma gsky a babur abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya sukurorin murfin inji ne, sai da na sayi sukudireban nan da ake duka da guduma yana juyawa da kansa sannan na huta.

MalaminFiziks_Rano
Ni ba bakanike ba ne, malamin makaranta ne, amma bari in sa baki a maganar fayif don abin lissafi ne. Ƙarfin murɗi shi ne nauyin da ka sa sau tsawon sandar. Mutum mai kilo 60 in ya tsaya a ƙarshen fayif mai tsawon mita 1 ya ba da kusan Nm 600 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗi), notin tayar ƙaramar mota kuwa wajen 100 zuwa 120 ake ɗaure shi. Kun ga ya ninka kusan sau biyar kenan, in kuma yana tsalle a kai abin ya wuce haka. To dole wani abu ya saki, ko noti ko sitod ko sifana, wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai tafi. Fayif ba ya ƙara wa sifana ƙwari, nauyi kawai yake ƙara mata.

Dan_Gujungu
Malam ya shigo da allo. To mu da ba mu kai kilo 60 ba sai mu ƙara tsawon fayif kenan

MaiWalda_Kwanar_Dangora
Ku bar wahalar da kanku, wuta ita ce maganin tsatsa. Kullum sai an turo min irin wannan. Noti ake gasawa ba bol ba, in ya yi zafi sai ya buɗe ya saki tsatsar da ta riƙe shi, kana sa sifana kafin zafin ya ratsa bol ɗin za ka ji ya yi ƙara ya taho. Na salansa da manifol ma in ba wuta ba sai dai ka tsinke su. Amma ƙanena ka kiyaye abu uku: kar ka sa wuta a notin taya alhali taya na jiki da iska, zafi yana bin rim ya shiga ciki taya ta fashe, kuma tayar babbar mota in ta fashe kisa take yi. Kar ka kusanci tanki da layin mai da robar birki. Sannan almuniyam ba ya yin ja kamar ƙarfe ya gargaɗe ka, wajen digiri 660 kawai za ka ga ya zube kamar kitse.

Oga_Injiniya_Wudil
A ƙara da na huɗu, duk bol ɗin da aka gasa ya yi jajir to ya rasa ƙwarinsa, kar a mayar da shi a ƙafar mota. Kuma ka kare ganyen sifirin daga harshen wutar. Ni a wajena ma yu-bol ɗin da ya kai haka ba a lallashinsa, a sa garanda a yanke a sa sabo, da ma ba a so a riƙa maimaita tsohon.

Direban_Kanta
Sabo kuma? Oga kun san nawa ake sayar da shi yanzu kuwa? Ku dai bakanikai ba daga aljihunku yake fita ba.

Oga_Injiniya_Wudil
Alhaji in ya tsinke maka da lodi a hanyar Zariya aksil ya goce, lokacin za ka san wanne ya fi tsada.

Manomi_Kadawa
Wai ni me yake sa motocinmu na nan suke wannan tsatsar haka? Na ɗauka sai motocin Legas da ke bakin teku.

TsohonHannu_Kura
Taki ne malam. Motar da ta yi damina tana ɗaukar yuriya da NPK, buhu ya fashe ya zuba ruwa ya dake shi ya gangara ƙasa, ai gishiri ne yake cin ƙarfe. Rani ya zo ruwan tumatir mai tsami ya ɗora nasa, ga lakar fadama ta manne ba a wankewa. Ita kuma tsatsa kumbura take yi ta fi ƙarfen da ta cinye girma, shi ya sa take cika tsakanin zaren ta ɗaure shi tam. Ƙananan motoci 'yan Kwatano kuma da tsatsarsu suke zuwa, can ƙasashen sanyi gishiri suke watsawa a titi saboda ƙanƙara.

Kai kuma mai tambaya, abin da yaran yanzu ba ku da shi haƙuri ne. Mu da muka koya, oga ba zai bari ka taɓa sifana ba sai ka kankare zaren da burushin waya, ka zuba mai, ka sami guduma ka ɗan bubbuga gefen notin kana tare ɗaya gefen da wani ƙarfe, ka tafi ka yi sallah ka ci abinci ka dawo ka ƙara zubawa. In ka zo kwancewa ka fara ɗan ɗaure shi kaɗan tukuna, sannan ka dawo baya. Ya motsa kar ka ce za ka zare shi gaba ɗaya, gaba kaɗan baya kaɗan kana zuba mai. In ka ji ya fara laushi alhali notin bai juya ba to tsaya, bol ne yake murɗewa zai tsinke, garin neman gira a rasa ido.

SabonYaye_Bunkure
Wane mai ya fi Baba? Ni baƙin mai na zuba

TsohonHannu_Kura
Baƙin mai ya yi kauri ba ya ratsawa. Gas ko kananzir, ko ka gauraya gas da ɗan man giya na otomatik.

Fijo_Zalla
Man birki ne sarki wlh, ɗiga kaɗan ka ba shi minti talatin

Fenta_Dutse
Dan girman Allah ku daina watsa man birki a jikin motocin mutane, fenti yake ci. Kullum sai an kawo min mota da tabo a fenda an rasa daga ina. Gwangwanin feshi irin su WD-40 nawa yake?

Dan_Gujungu
Ni na ji an ce Coke ma yana yi

Auwalu_MaiBabur
A wannan zafin in sami Coke in ba noti? Ya daɗe bai kwance ba

Maman_Hassana
Sallama dai iyayen gida, ku yi haƙuri na shigo maganar maza. Injin markaɗena ne notin da ke riƙe da dutsen ya ƙi kwancewa, yaron da ke min aiki ya sa filaya har kan ya fara cinyewa. Shi ma gas ɗin zan zuba?

TsohonHannu_Kura
Hajiya wajen da abinci ke bi kar a sa gas. A zuba man gyaɗa ya kwana, a samo rin sifana daidai lambarsa a ɗan buga da guduma, a raba yaron nan da filaya.

Maman_Hassana
Na gode Baba Allah ya ƙara girma

DanKasuwa_KofarRuwa
Bari in dawo da ku kan maganar saye tunda a nan nake wuni. Ɗan uwa kayan aiki kala uku za ka tarar. Akwai na gwanjo da ake zubewa a ƙasa ɗaiɗai, a ciki ake tsintar tsofaffin na Jamus irin Gedore da Stahlwille da Hazet da Elora, da Facom na Faransa, wani lokaci King Dick na Ingila ko KTC na Japan. Akwai sababbi na Taiwan irin King Tony da Toptul da Force, su ne tsaka-tsaki. Sai kuma saitin akwati mai guda ɗari da wani abu mai ƙyalli da araha, wanda rabin abin ciki har ka tsufa ba za ka taɓa ba, guda biyar ɗin da kake buƙata kuma su ne za su fara buɗe baki. Shawarata kar ka sayi saiti. Rubuta lambobin da kake aiki da su ka bi ɗaiɗai. Motar Japan 8, 10, 12, 14, 17, 19 sai 21 na taya. Golf da Sharan da Fijo kuma 13 ba ta da makawa, da 16 da 18, ga alanki da mai tauraro. Na tayar Canter ka auno notin ko ka taho da ɗaya a aljihu, don akwai 38 akwai 41, kar ka saya da ka. Kuma rubutun Germany a jikin sifana ba shaida ba ce, har Cr-V ɗin da ke nuna irin ƙarfen ma kowa bugawa yake. Ka duba rubutun ya nutse tsaf ko ya yi dishi-dishi, ka sa noti sabo a bakin ka ji ko yana rawa, ka duba bakin filat ɗin ko ya buɗe, soket kuma ka leƙa kusurwoyin ciki da ramin murabba'in ko akwai tsaga.

Fijo_Zalla
Ni jefar da ita nake a siminti, mai kyau ƙara take yi tsiririya ta daɗe, ta banza kuwa ƙwal ɗaya kamar murfin tukunya

Oga_Injiniya_Wudil
Wannan gwajin ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba. Ƙarfen da ya yi tauri fiye da kima shi ma yana ƙara mai daɗi, kuma shi ne mai fashewa kamar tangaran. Gara wadda za ta lanƙwashe ta gargaɗe ka da wadda za ta tarwatse. Shi ya sa soket na bindigar iska baƙi ne mai kauri, Cr-Mo ake rubutawa, an yi shi ya ɗan ba da kai ya sha duka. Mai ƙyallin nan in ka sa shi a bindiga ko kana dukansa da guduma tsagewa yake. Ni ko da hannu zan yi aiki, a manyan lambobi baƙin nake saya.

MalaminFiziks_Rano
Ƙarin bayani, sunan Gedore ɗin nan gajarta ce ta 'yan uwa Dowidat na garin Remscheid, tun 1919 suke ƙera sifana.

Dan_Gujungu
Malam kai dai komai sai ka kawo tarihi, ranar jarrabawa za mu neme ka

Tarakta_Auyo
Ba wanda ya yi maganar inci. Duk mai aiki a ƙauye watarana sai an jawo masa tsohuwar Massey Ferguson, kuma notinta da yawa na inci ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, ka sa masa 13 za ta shiga amma tana rawa, da ka ja ta sule kan. 9/16 kuma 14 ba ta shiga 15 ta yi yawa. 3/4 kuwa ya yi kusan daidai da 19. Mu nan wajen Haɗeja rabin notin da ake kawo min a cinye ba tsatsa ba ce, sifanar da ba tasa ba aka sa masa. Ka nemi 7/16, 1/2, 9/16, 5/8 da 3/4 ko na gwanjo ne ka ajiye. Sannan akwai sifanar duka, gajera mai kauri da gindi kamar maƙera, an yi ta ne don a dake ta da babbar guduma, a manyan notin garma da tarakta ta fi min dogon fayif sau goma don girgizar dukan ce take karya tsatsa.

Bala_Shokazoba
Maganar fayif ɗin nan ku riƙa faɗa wa yara gaskiya. Ni haƙorina biyu na gaba na roba ne. Ina yaron gareji na zura fayif a filat sifana ina turawa da ƙirji, bakinta ya buɗe ta kuɓuce na tafi da fuska a kan bamba. Tun daga ranar ba na tura sifana, jawowa nake, ƙafa ɗaya a baya, kuma fayif sai a kan fawa-handul ko ti, shi ma mai kauri wanda ya shige sandar sosai ba bakin kawai ba. Kuma kar ka ja noti mai tauri mota na kan jak zalla, sa kututture.

SabonYaye_Bunkure
Subhanallahi, Allah ya kiyaye gaba yayana. Ni ma jiya gwiwar hannuna ta daki shasi har yanzu a kumbure take.

Direban_Kanta
Ni laifin masu faci nake gani, su ne suke hawa kan wil-sifana su biyu suna tsalle wai kar taya ta fice, ranar da ka yi faci a daji kai da yaron mota sai kun yi kuka.

MaiFaci_Tsangaya
Alhaji ku ne fa kuke tsayawa a kanmu kuna cewa ƙara ƙara. In ba mu hau ba ku ce ba mu iya aiki ba

SabonYaye_Bunkure
Jama'a ga yadda ake ciki. Notin taya duk sun fita da na juya dama, da wil-sifanar wani mai tifa na ara. Yu-bol na kankare na jiƙa da gas tun daren jiya, uku sun taho da rin sifana da duka, na huɗun ya ƙi, mai motar ya ce ba zai sayi sabo ba sai an gwada wuta, mai walda kuma sai gobe zai zo daga Kura. Kuɗina ba za su kai in sayi na 3/4 da na rabin inci duka ba ga kuma racet ɗin oga da zan biya. Wanne zan fara?

Oga_Injiniya_Wudil
Na 3/4, shi ne babu mai ara maka a ƙauye.

DanKasuwa_KofarRuwa
Ni kuwa na ce rabin inci, shi za ka ɗauka sau ashirin a rana, babbar mota sau nawa take zuwa a wata? Racet ɗin kuma kar ka yar, taho da shi, wani lokaci ana samun kayan cikinsa a canza.

TsohonHannu_Kura
Fara zuwa wajen ogan naka da racet ɗin a hannu tun kafin ya ji a bakin wani. Sauran kuma in ka shigo Kura ranar kasuwa ka neme ni, akwai wani tsohon ti-handul na 3/4 a ƙasan akwatina da na daina ɗagawa saboda baya, soket ne dai babu.

Fijo_Zalla
Baba ni ma ɗanka ne fa, ba wata 13 da ta yi saura a akwatin? Tawa ta uku kenan tana ɓata a wata ɗaya